Sayen motar iyali: sabuwa ko ta hannu?

Mota ba ƙaramin saye ba ce. Bayan gida da gona, ba abin da magidanci ke zuba wa kuɗi masu yawa kamar ta. Wani sai ya yi shekaru yana tari. Wani ya saida shanu, wani ya haɗa da kuɗin albasa ko na wake. In ciniki ya yi kyau, iyali sun huta: ga abin kai mara lafiya likita da dare, ga abin zuwa suna da biki a ƙauye. In ciniki ya ɓaci kuwa, wahalar shekaru ta tafi a banza, mota ta zama wurin kwanan kaji a ƙofar gida.

Motar da muke magana a kanta ita ce matsakaiciya. Tana da ƙofa huɗu, da wurin zaman mutum biyar, da akwatin kaya a baya. Ta fi ƙananan da ake taksi da su girma, amma ba ta kai kat-kat ba. Irinta su ne Toyota Camry, Toyota Avensis, Honda Accord da Peugeot 406. Dattawa kuma suna tune da Peugeot 504, wadda anka fara ƙerawa a Faransa a 1968, anka kuma fara haɗa ta a Kaduna a 1975.

Sabuwa ko ta hannu?

Sabuwar mota tana da daɗi. Ba wanda ya wahal da ita kafin kai. Kamfanin da ya saida maka yana ba ka garanti, wato in wani abu ya lalace cikin lokacin da anka yanke, ba da laifinka ba, su za su gyara. Sai dai kuɗinta ya ninka na ta hannu sau da yawa. Kuma daga ranar da ta fita kamfani darajarta ke fara raguwa. Shi ya sa yawanci ma'aikatu da manyan ƴan kasuwa ke sayen ta.

Mafi yawan mutane ta hannu suke saye. Ita ma iri biyu ce. Akwai wadda ta yi aiki a Turai ko Amurka, anka kawo ta cikin jirgin ruwa. Ita ce ake ce wa ƴar Kwatano, don shekara da shekaru ta tashar Kwatano ta ƙasar Benin take shigowa, ta biyo ta Gaya. Da anka rufe iyakar Benin a 2023, sai kaya masu yawa sunka koma bi ta Lome da Burkina Faso. Hanyar ta fi tsawo, ta fi cin kuɗi, mai saye ne kuma ke biya. Iri na biyu ita ce wadda ta riga ta yi aiki nan gida, a hannun wani. Ta fi araha, amma ta sha rana da ƙura da ramuka. Amfaninta ɗaya: kana iya binciken wanda ya riƙe ta, ka ji irin riƙon da ya yi mata.

Lissafi kafin ciniki

Babban kuskuren masu saye shi ne su dubi kuɗin mota kaɗai. Mota kamar doki take. Sayen doki rana ɗaya ne, ciyar da shi kuwa kullum ne.

Mu ɗauki misali. Daga Maraɗi zuwa Yamai kimanin kilomita 660 ne. Mu ce mota tana shan lita 9 a kowane kilomita 100. Ke nan za ta sha wajen lita 60. In mun ƙaddara lita ɗaya ta isansi tamma 500 ce, kuɗin zuwa jika 30 ne, zuwa da dawowa jika 60. To wata motar mai babban inji tana iya shan lita 12. Ita za ta sha wajen lita 80, wato jika 40 a zuwa kaɗai. Hanya ɗaya, mutane ɗaya, amma bambancin jika 20 a zuwa da dawowa.

Shi ya sa ake tambaya: silinda nawa ne injin? Camry da Accord suna zuwa iri biyu, mai silinda 4 da mai silinda 6. Mai 6 ta fi ƙarfi da gudu. Mai 4 ta fi sauƙin sha da sauƙin gyara, kuma ta ishi iyali.

Bayan isansi akwai canjin man inji, wanda ake ce wa bidanj. Akwai taya da batir, waɗanda zafin ƙasarmu ke saurin kashewa. Akwai asiransi da binyet da ake sabuntawa. Saboda haka kada ka zuba duk abin da ke hannunka. In kana da miliyan 3, nemi motar da ba ta wuce miliyan 2 da rabi ba. Sauran jika 500 ka ajiye don takardu da gyaran farko. Ba motar hannu da ba ta neman wani abu a watan farko.

Wadda garinku ya sani

Kafin ka je wurin masu saida motoci, fara zuwa garaji. Tambayi makanikai biyu ko uku: wace mota kunka fi iya gyarawa? Wace ce kayanta ke samuwa a kasuwar nan? Mota tana iya yin kyau ƙwarai, amma in ƙaramin ƙarfe ya karye sai an aika Yamai ko Kano, ko ma a jira wata biyu daga Turai. Irin wagga mota ba ta mai iyali ba ce. Abin da ya sa Toyota ta cika hanyoyinmu ke nan: kayanta na samuwa, masu gyaranta kuma suna ko'ina, daga Tawa har Damagaram.

Dubi hanyar da za ka riƙa bi kuma. Matsakaiciyar mota ba ta da tsayi daga ƙasa. A kan kwalta, kamar babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Doso da Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram, ba ta da matsala. Amma in ƙauyenku sai an ratsa rairayi mai zurfi ko ƙorama da damina, cikinta zai riƙa bugun ƙasa. Nan sai ka sake tunani.

Duba da idonka

Ba a cinikin biri a sama. Kada ka ba da ko dala don hoton da anka turo maka a waya. Je ka da kanka, da rana tsaka, tare da makaniken da kai ka zaɓa, ba wanda dillali ya kawo ba. Dillali la'adarsa yake nema, kuma ba ya samun ta sai an yi ciniki.

Fara da jiki. Tsaya daga gefe ka dubi fenti. In wata ƙofa ta fi sauran haske, an sake mata fenti, wataƙila bayan hatsari. Ɗauki ɗan maganaɗisu ka bi jikin da shi. Inda ya ƙi kamawa a kan ƙarfe, an cike wurin da mastik. Sannan ka durƙusa ka leƙa ƙasan motar. A Turai ana zuba gishiri a kan hanya lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, gishirin nan kuwa yana cin ƙarfe. Tsatsa kaɗan ba komai. Amma in ka danna da makulli ƙarfe ya ɓurme, bar ta. Ɗaga shimfiɗar ƙasa ta ciki ka shinshina. Warin danshi da busasshen laka alama ce motar ta taɓa nutsewa a ruwa, kuma wayoyin wutarta ba za su daina ba ka wahala ba.

Sai inji. Ka ce kada a tada shi kafin ka zo, don inji mai ciwo da sanyi yake tona kansa. Taɓa shi ka ji ko da ɗumi. Buɗe murfin da ake zuba mai. In ka ga abu fari-fari kamar kindirmo a jikinsa, mai yiwuwa ruwa na haɗuwa da mai, gyaran kuma mai tsada ne. A tada mota, kai ka koma baya ka dubi hayaƙi:

Hayaƙi shuɗi: injin na ƙona mai, ya gaji.
Hayaƙi fari mai kauri da ba ya ɗaukewa: ruwa na shiga inji.
Hayaƙi baƙi: tana shan isansi fiye da kima.

Daga nan ku hau, ku yi tafiyar da ta kai rabin awa. Ku bi kwalta, ku bi hanya mai gargada. Kashe rediyo ka saurara. Taka birki ka ga ko tana ja gefe ɗaya. Kunna na'urar sanyi, ka sa ido a kan allurar zafi. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a garuruwanmu. Motar da allurarta ke hawa cikin gari, ba za ta kai ka Ƙonni ba.

Lambobin da ba su ƙarya, da masu ƙarya

Agogon kilomita yana iya yin ƙarya, don akwai masu mai da shi baya. Gwada abin da ya nuna da abin da idonka ya gani. In ya nuna tafiya kaɗan, amma sitiyari ya yi sulɓi, robar birki ta cinye, kujerar direba ta lotse, to yarda da kujera, kada ka yarda da agogo. Ka sani kuma motocin Amurka da mil suke ƙirga. Mil ɗaya kilomita 1 ne da mita 600. Ke nan in ka ga 100.000, tafiyar kilomita 160.000 ce.

Taya ma tana da ranar haihuwa. A gefenta akwai lambobi huɗu a jere. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a sati na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya, ko da zanenta bai cinye ba, tana iya fashewa a kan kwalta mai zafi.

Lambar da ta fi duka ita ce lambar shasi. Haruffa ne da lambobi guda 17. Ana samun ta a ƙasan gilashin gaba, ko a jikin ƙofar direba, ko kusa da inji. Ita ce sunan motar na gaskiya, ba motoci biyu masu lamba ɗaya. Kwafe ta a takarda da hannunka. Sannan ka gwada ta da wadda ke cikin kartigiris, harafi bayan harafi, ba gaggawa. In ko ɗaya ya saɓa, ko ka ga alamar an kankare wurin an sake bugawa, tashi ka tafi. Motar sata ko mai takardun jabu, ranar da jandarma sunka kama ta, kai za a tambaya. Ka rasa mota, ka rasa kuɗi, wataƙila har ka kwana a tsare.

Takardu

Nemi takardar duwan da ke nuna an biya kuɗin shigowa cikakke. Wasu motoci da takardar wucewa kawai suke shigowa, wato za su ratsa Nijar ne zuwa wata ƙasa. In ka sayi irin wagga, sauran kuɗin duwan a wuyanka yake. Nemi kartigiris, ka duba ko sunan da ke ciki shi ne na mai saida maka. In ba shi ba ne, ina takardar da mai ita ya ba shi izini? Duba asiransi da binyet da takardar binciken lafiyar mota, ka karanta ranar da kowace za ta ƙare.

In kun shirya, a rubuta takardar ciniki. A sa sunan mai saye da na mai saidawa, da lambar shasi, da kuɗin da anka biya, da kwanan wata. Shaidu biyu su sa hannu, a kai hukuma ta buga hatimi. Karanta kafin ka sa hannu, ko da ɗan uwanka ne ke saida maka. Bayan haka kada ka yi sanyin jiki wajen mai da kartigiris da sunanka.

Abu na ƙarshe: in mai mota ya ce maka wani na zuwa da kuɗi yanzu-yanzu, ka ce Allah ya ba shi sa'a. Motoci ba su ƙarewa a kasuwa, amma kuɗinka in sun tafi da wuya su dawo. Sauri ya haifi nawa. Je gida ka kwana da maganar, ka yi shawara da iyalinka, tun da su ma cikinta za su zauna.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin ƴar Kwatano da motar da ta yi aiki nan gida?
2. Me hayaƙi shuɗi ke nunawa?
3. An rubuta 4021 a gefen taya. Yaushe anka yi ta?
4. Daga Maraɗi zuwa Damagaram kimanin kilomita 240 ne. In mota na shan lita 10 a kilomita 100, lita kuma tamma 500, nawa ne kuɗin zuwa da dawowa?
5. Don me ake gwada lambar shasi da ta kartigiris?