Garin da ke zubowa daga rufin ɗaki

 Yau daga gida Dutsi nake magana, kuma ɗakin Inna ne ya jawo hirar.

Kullum da safe sai ta share wani gari mai laushi a kan tabarmar sallarta, kamar an barbaɗa garin alkama. Ta ce gara ce. Na hau kujera na haska rufin da fitilar waya, ban ga hanyar laka ko ɗaya ba. To ita gara daga ƙasa take tasowa, tana gina hanyar laka a jikin bango ko katako. Abin da na gani ƙananan huda ne zagayayyu, milimita 1 zuwa 2, birjik a jikin katakon da ke riƙe da kwano. Ƙwaron katako ke nan.

Ku ji inda abin yake da ban haushi: wannan hudar ƙofar fita ce. Uwar tana saka ƙwai a jikin itacen, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta yi ta ci daga ciki wata da watanni, wani lokacin fiye da shekara, sai ta zama ƙwaro sannan ta huda ta fito. Kafin ka ga rami an daɗe ana ɓarna. Sun fi son farin ɓangaren itace na kusa da ɓawo, don nan sitaci yake. Shi ya sa tsohuwar azarar giginya ta soron kakanmu ke nan daram, katakon da muka sayo da araha shekara biyu baya kuwa ya zama gari.

Ta yaya za ka san suna ciki har yanzu? Share wurin tas, shimfiɗa baƙar leda a ƙasa, ka dawo bayan kwana uku. In ka tarar da sabon gari, suna nan. Sabon rami bakinsa fari ne, tsoho ya yi duhu. Sai ka danna ƙusa. Na danna a namu, wallahi ta shige kamar cikin biredi.

Kujera ko allo, naɗe shi a baƙar leda ka shanya a ranar bazara kwana da kwanaki, zafi na kashe su. Baƙin man da ake shafawa, ni dai ban yarda ya kai ga tsutsar da ke can ciki ba.

Namu kam kafinta ya cire katako huɗu muka ƙona. Inna ta koma ɗakin ƙanwata har aka gama aikin.