Tambarin Kan Takarda: Idan Imel Ya Koma Faks

A ƙasarmu takarda ba ta da baki sai da shaidar mai ita. Wasiƙun sarakunan Daular Sakkwato da hatimi suke tafiya, a buga shi can sama kafin a shiga gaisuwa. Yau ma idan ƙungiyar manoma a Fakuwa za ta nemi taki a sakatariyar ƙaramar hukumar Kankia, sakatare ba zai yago falle daga littafin ɗansa ba. Babur zai hau ya zo shago irin nawa, in buga masa a takarda mai sunan ƙungiya da tambari da adireshi, wadda ma'aikata ke kira letahed. Kamfani mai rajista kuwa, dokar CAMA ta 2020 ta wajabta masa sa sunansa da lambar rajistarsa a wasiƙun kasuwanci.

To ina ruwan mutumin Kankia ko Kusada da faks? Gaskiya tun da wayar salula ta shigo a 2001 layukan NITEL suka fara macewa, injinan faks suka bi su. Amma a waje tsohuwar na'urar tana nan daram. Ta ma girmi wayar tarho, domin Alexander Bain, mutumin Sikotilan, ya yi rajistar fasaharta tun 1843. Ofisoshin Japan da asibitocin Amurka har gobe suna aiki da ita. A Ingila sai a ƙarshen 2018 ministan lafiya Matt Hancock ya ba da umarnin asibitocin gwamnati su daina sayen sababbi. Saboda haka mai fitar da riɗi ko zoɓo, ko mai neman magani a waje, yana iya jin an ce masa: turo ta faks.

Ba sai ka sayi inji ba. Akwai kamfanoni a intanet da ke juya imel ya zama faks. Bayan ka yi rajista da su, a gurbin adireshi sai ka rubuta lambar faks ɗin, ka bi ta da alamar @ da sunan kamfanin. Kwamfutarsu za ta mayar da saƙonka hoto, ta kira layin, inji a can ya tofo takarda. Matsalar ita ce imel tsirara yake fita, ba suna, ba tambari.

Hanya biyu ake gyara wannan. Ko dai ka ɗora hoton letahed ɗinka a shafin saituna na kamfanin, idan suna ba da dama, ya riƙa hawa saman kowane saƙo. Ko kuma ka tsara wasiƙar gaba ɗaya a kwamfuta, da tambari da sa hannu, ka mayar da ita PDF ka liƙa a imel. Ni ta biyun nake ba mutane shawara, domin abin da ka gani shi zai tafi.

Sai dai faks na yau da kullum bai san launi ba, baƙi da fari kawai ya sani, kuma ɗigo 1,728 ne ke cika faɗin shafinsa. Tambarin nan mai koren zangarniyar gero a kan ruwan ɗorawa, wanda shugaban ƙungiya ke taƙama da shi, dabbare-dabbare zai fito kamar an goga gawayi. A yi masa kwafi na musamman: baƙi tsantsa a kan fari, layuka masu kauri, ba inuwa, ba hoto a bayan rubutu. Lambar waya a sa ta da manyan baƙaƙe, don 3 da 8 kan rikiɗe. A bar fili a can sama, inda na'ura ke buga kwanan wata da lambar mai aikowa. Sannan ka fara tura gwaji kafin ka aika ta gaske.

Abu na ƙarshe ya fi duka. A shekarun 1990 'yan 419 sun cika ofisoshin Turai da Amurka da faks masu tambarin Babban Bankin Najeriya da NNPC, duk na bogi. Letahed yana sa a karanta takarda da mutunci, amma duk mai kwamfuta zai iya kwaikwayonsa. In takarda ta zo maka tana neman kuɗi, kada ka kira lambar da ke jikinta. Nemi lambar ofishin ta wata hanya, ka ji daga bakinsu.