Tsagar Ƙoƙon Kai Wadda Ba Ta Haɗewa



Sanin kowa ne cewa ƙashin jariri yana da saurin haɗewa, har ma akasarin yaran da suka suɓuce daga goyo ko suka faɗo daga babur, ƙoƙon kansu ya tsage, sukan warke da izinin Allah ba tare da an taɓa su da wuƙa ba. Amma akwai wata tsaga da ta saɓa wa wannan ƙa'ida, wadda galibi takan sami yaro kafin ya cika shekara 3: idan tantanin nan mai kauri da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa ya yage a ƙarƙashin ƙashin, sai ƙwaƙwalwa, da yake tana cikin girma kuma tana bugawa dare da rana, ta riƙa tura bakin tsagar, har bayan makonni ko watanni a ga kumburi mai taushi yana harbawa, wani lokaci farfaɗiya ko shanyewar ɓarin jiki su biyo baya. Likitan Ingila John Howship ya bayyana wannan illa tun 1816.

Al'amarin ya fi tsanani ga yaran da suka gāji raunin sinadarin kolajin, wanda shi ne maɗaurin ƙashi da fata da jijiya. Alamominsu ba ɓoyayyu ba ne ga mai lura: karaya a kai a kai ba tare da wani ƙwaƙƙwaran dalili ba, farin ido mai sirkin shuɗi, haƙora masu saurin lalacewa, ko gaɓoɓi masu lanƙwasa fiye da ƙima. Abin takaici, sau da yawa akan ɗora wa uwa laifin sakaci, alhali kuwa larura ce ta halitta.

Maganin tiyata ne, kuma asalin aikin a tantanin yake. Likita zai buɗe ƙashi har ya cim ma gefen da ya ja baya, ya toshe gurbin da tantanin da ke manne da ƙoƙon kai ko wanda ya yanko daga cinyar yaron, sa'an nan ya rufe ƙashin. Ga mai raunin kolajin kuwa, aikin tamkar ɗinkin tsohon zane ne, wanda zare ke iya ketawa, ga kuma zubar jini da jinkirin warkewa. Don haka wajibi ne likita ya san tarihin dangi kafin ya ɗauki wuƙa.

Ba mu raina hikimar masu ɗori ba, amma nasu fagen hannu ne da ƙafa. Iyaye, in kun ga kumburi yana bugawa a kan yaro bayan faɗuwa, kada a matsa, kada a tsaga. Ku kai shi asibitin yanki na Marwa ko babban asibitin Garwa da ke Arewacin Kamaru, a ɗauki hoton kansa, ku kuma faɗa wa likita duk wata karaya da aka taɓa yi a gidanku.