Ba kowane alat ne ake cire wa haraji ba

Tun da sabuwar dokar haraji ta Najeriya ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2026, saƙon da ya fi yawo a guruf-guruf na WhatsApp shi ne wai duk kuɗin da ya faɗo asusunka sai gwamnati ta yanki kasonta. Ba haka abin yake ba. Haraji yana hawa kan abin da ka samu ne, wato albashi ko ribar sana'a. Kuɗin cefane da yayanka ya turo, bashin da aka biya ka, ko kuɗinka da ka ɗauke daga Opay ka mayar Moniepoint, duk ba samu ba ne. Naira 50 ɗin da ake cirewa idan an tura dubu 10 zuwa sama kuwa kuɗin hatimi ne, ba ruwansa da wannan maganar.

Ga yadda lissafin yake. Naira dubu 800 na farko da ka samu a shekara babu haraji a kai. Miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin 100, daga nan ya riƙa hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. A ce kana gyaran waya, bayan ka cire kuɗin kayan gyara, hayar shago da man janareta, ribarka ta shekara ta tsaya miliyan 2. Miliyan 1.2 kawai za a lissafa, wato naira dubu 180. Idan kana zaman haya, kashi 20 na kuɗin hayar gidan ana rage maka shi daga samun da za a lissafa, amma ragin ba zai wuce dubu 500 ba.

Mai POS ne abin ya fi shafa. Miliyoyi na ratsa asusunsa a wata, alhali nasa bai wuce cajin da yake karɓa ba. In ba shi da rubutaccen lissafi, da me zai nuna wa jami'in haraji cewa sauran na kwastomomi ne? Shi ya sa a ganina abu na farko shi ne ka raba asusun sana'a da na aljihunka. Sannan ka buɗe Google Sheets a wayarka, ka riƙa shigar da kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita da dalili. Rasit kuma ka ɗauke shi a hoto, tawadar ƙaramar takardar nan saurin gogewa gare ta.

Masu samun dala ta YouTube ko Upwork su ma suna ciki: muddin kana zaune a Najeriya, samunka daga ko'ina ya zo ana lissafa shi.

Wa ake biya? Mutum ɗaiɗai hukumar harajin jihar da yake zaune yake biya, kamar KIRS a Kano. Yin rajistar sunan kasuwanci a CAC bai mayar da kai kamfani ba, har yanzu a wannan layin kake. Kamfanoni ne ke hulɗa da NRS, wadda da ake kira FIRS. Lambar NIN ɗinka ita ce shaidar harajinka, kuma bayanin samun shekarar da ta wuce ana miƙa shi ne zuwa 31 ga Maris.