Darasin da Zafin Yankari Ya Koya Mana

Mu bakwai ne, dukkanmu ɗaliban jami'a, muka yi karo-karo muka tafi gandun dajin Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi. Watan Afrilu ne, tsakiyar bazara. Da gangan muka zaɓi lokacin, domin ciyawa ta bushe, kuma giwaye da ɓauna da gwanki kan taru a bakin kogin Gaji neman ruwa, ganinsu ya fi sauƙi.

Burinmu shi ne ganin kogwannin Marshall, ramuka 59 da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse. Jagoranmu ya ce mu fita bayan sallar asuba. Mu kuwa hira ta cinye mana dare, sai ƙarfe 10 muka kama hanya, kowa da gora ɗaya ta ruwa.

Kafin azahar ruwan ya ƙare. Ɗaya daga cikinmu ya fara kukan ciwon kai da jiri, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Jagoran ya kwantar da shi a inuwa, ya jiƙa masa riga, muna yi masa fifita, yana ba shi nasa ruwan kaɗan-kaɗan. Allah ya taimake mu ya farfaɗo. Da ya kai ga ruɗewa ko suma, sai asibiti cikin gaggawa, don zafi irin wannan yana kisa.

Ƙannenmu, idan makarantarku ta shirya irin wannan ziyara, ku yi tafiyar da sassafe, ku nemi inuwa idan rana ta take. Kada ku jira ƙishirwa kafin ku sha ruwa. Fitsari ya yi duhu, to jiki ya fara bushewa. Ku riƙe ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wurin kwana, ku ɗaura gidan sauro, ku kakkaɓe takalma da safe saboda kunama, ku kashe wuta kafin barci. Kada ku shiga daji ba jagora, kada kuma ku tafi iyaye ba su san inda kuke ba.

Da yamma muka shiga ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ke tsayawa wajen digiri 31 rani da damina. Washegari kuwa, tun kafin jagoran ya ƙwanƙwasa mana, mun cika gorunanmu muna jiransa.