GeForce RTX 4090

GeForce RTX 4090 katin sarrafa hoto ne na kwamfuta wanda kamfanin Nvidia na Amurka ya fitar a ranar 12 ga Oktoba, 2022, kan dala 1,599. Yana da ma'ajiya mai gigabait 24, kuma yana jan wutar lantarki wat 450.

Ra'ayin masu amfani

Masu wasannin kwamfuta sun yaba da saurinsa, amma sun koka da tsadarsa da girmansa, domin ba kowane akwatin kwamfuta ke ɗaukarsa ba. Wasu kuma mahaɗin wutar katinsu ya narke. A watan Nuwamba 2022 kamfanin ya ce ya samu rahoto kusan 50, kuma yawanci rashin cusa mahaɗin har ƙarshe ne ya jawo zafin.