Rajistar asibiti da ma'aunin ruwan sama: aikin da ɗaliban Nariya za su iya

Duk wanda ya tashi a Nariya, cikin ƙaramar hukumar Kibiya, ya san cewa kowace cuta da lokacinta. Damina na yin nisa zazzaɓin cizon sauro zai kwantar da yara. Ƙurar hunturu da zafin bazara kuwa su ne lokacin fargabar sanƙarau. To idan sauyin yanayi ya sa ruwa ya makara, ko zafi ya tsawaita, shin cututtukan ma za su sauya lokaci? Ba mu da hanyar sanin amsa sai ta rubutattun bayanai na shekaru masu yawa, waɗanda aka adana kuma aka bari masu bincike suka gani.

An taɓa cin moriyar irin wannan. A 1963 wani likitan Faransa, Lapeyssonnie, ya gwama alƙaluman masu sanƙarau da na ruwan sama, ya nuna cewa annobar ta fi tsanani a yankin da ke samun ruwa tsakanin milimita 300 zuwa 1,100 a shekara. Yankin ya miƙe daga Senegal har Habasha, kuma Kano na cikinsa. A 1996 sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000. Sanin iyakar yankin ne ya nuna inda za a fara kai rigakafin MenAfriVac, wanda ya iso Najeriya a 2011.

Haka batun maganin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro duk wata, a wuraren da cutar ke taruwa cikin 'yan watanni. Alƙaluman asibitoci da na ruwan sama ne suka taimaka wajen gano waɗannan wurare.

Daga ina bayanan suke fitowa? Na yanayi suna hannun hukumar NiMet, mai fitar da hasashen damina kowace shekara. Na lafiya kuwa daga rajistar ƙananan asibitoci suke farawa. Ƙarshen wata a tattara, a kai ƙaramar hukuma, a shigar da su manhajar DHIS2 da ake amfani da ita a faɗin ƙasa. Matsalar ita ce tashoshin auna yanayi ba su da yawa, kuma mun sani sarai ana iya sheƙa ruwa a Rano, Nariya ko ɗigo ba ta samu ba.

Wannan giɓin ne makarantunmu za su iya cikewa. Ƙungiyar ɗaliban kimiyya na buƙatar ma'aunin ruwan sama, ko gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da rula, sai ma'aunin zafi da littafi guda. Mu ajiye ma'aunin a fili, nesa da bishiya da indararo. Mu auna a lokaci ɗaya kowace safiya, mu rubuta kwanan wata da adadin milimita. Ranar da ba a yi ruwa ba mu sa 0, ranar da ba mu auna ba mu rubuta "ba a auna ba", domin haɗa su biyun yana ɓata lissafi. Mu ɗauki hoton kowane shafi da waya, saboda gara da yoyon ɗaki. Lokacin hutu a raba aikin ga waɗanda gidajensu ke kusa, tunda Agusta ce tsakiyar damina.

Bayanan lafiya kuma amana ne. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa su cikin bayanai masu buƙatar tsananin kulawa. Abin da ya dace mu nema, ta hannun shugaban makaranta da izinin sashen lafiya, shi ne jimillar masu zazzaɓi a wata, ba suna, ba unguwa, ba lambar waya.

Littafin shekara ɗaya ba zai nuna sauyin yanayi ba, masana kan duba shekara 30. Don haka kowane aji mai fita ya miƙa littafin ga na bayansa, a kuma ajiye kwafi a ofishin shugaban makaranta.